Yini guda da jaka a baya cikin duwatsu: inda lissahin kilomita ke yaudarar mutumin Maradi

Jama'a barkanmu da war haka. Kwanakin nan bidiyoyin masu tahiyar ƙasa cikin tsaunuka sun cika TikTok da Facebook, mutum ya goya ƙatuwar jaka, sanda a hannu, shina hawa shina sauka kwana da kwanaki, inda dare ya yi mashi nan zai kwana. Duk fadar da anka kunna irin bidiyon nan a Maradi magana biyu ce ke hitowa, wasu su ce rashin aikin yi ne, wasu su ce yo kilomita 15 ko 20 a yini har abin nunawa ne, mu da kakanninmu ke zuwa Katsina da ƙafa su dawo. Ta farkon ba ni da ja da ita, kowa da abin da ke burge shi. Ta biyun ce ke damuna, don ita ce ke iya sa yaro ya ɗauki jaka ya nuhi Abzin da lissahin da ba daidai ba, kuma na ga matasanmu sun fara sha'awar abin da gaske, ana ta maganar dutsin Bagzan da garin Timiya da ke can Abzin. Shi ya sa nike so mu warware yini guda tak na irin wagga tahiya, daga asuba har kwanciya, mu ga abin da ke cikinshi.

Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Maradi ba ta kai mita 400 bisa teku ba, kuma in ka cire gangaren da ke sauka Gulbi, wanda muke hawa muna sauka tun ambaliyar 1945 da ta sa anka maido gari bisa tudu, babu wani hawa da ƙafarmu ta saba da shi. Don haka awonmu na tahiya guda ne, nisa. Lahiyayyen mutum na cin kilomita 5 cikin awa, in rairayi ne 4, shi ke nan ka ninka ka san lokacin isa. To a dutsi wannan awon ba ya ci. Wani mai hawan duwatsu ɗan ƙasar Sikotilan, William Naismith, ya hito da wani lissahi tun 1892 wanda har yau ake aiki da shi: ka ba kowane kilomita 5 awa 1, sannan ka ƙara awa 1 a kan kowane mita 600 na hawa. Mu ɗauka zangon yau kilomita 15 ne kuma akwai hawan mita 900 a ciki, nisan ya ci awa 3, hawan ya ci awa 1 da rabi, ka ga awa 4 da rabi ke nan. Amma fa wannan lissahin mutum ne mai ƙarhi, hanya mai kyau, ba kaya masu nauyi, ba hutawa, ba salla, ba cin abinci. Ka ɗora jaka, ka sa tsakuwa mai zamewa da duwatsun da sai ka dafa da hannu, ka sa rana, ka sa abokin tahiya guda da ya hi kowa nawa, don ayari da takun na baya yake tahiya, sai ka ga awa 7 ko 8 sun tahi a kan kilomita 15 ɗin nan da muke rainawa.

Akwai kuma wani wurin da ake yawan ruɗewa. Mita 900 ɗin nan ba tsawon dutsin ba ne, jimlar duk hawan da za ka yi ne a yinin. Ka hau 300, hanya ta sauke ka cikin kwazazzabo ka zubar da 200, ka sake hawansu, ka sake sauka. Kana iya kwana a tsayi ɗaya da inda ka tashi alhali cinyoyinka sun hau mita 1000.

Sai abu na biyu, wanda shi ne ya raba doguwar tahiya da yawon yini guda. Wanda ya je ya hau dutsi ya dawo gida ya yi wanka ya miƙe bisa katifa, ko ya ƙarar da ƙarhinshi duka ba komi. Mai doguwar tahiya gobe ma zai tashi ya sake, jibi ma haka. Hanyar Appalachian ta Amurka wajen kilomita 3500 ce, ta ratsa jihohi 14, masu yin ta a tashi ɗaya na ɗaukar wata 5 zuwa 7. Hanyar GR20 ta tsibirin Korsika na Faransa wajen kilomita 180 kawai ce amma yawanci sai an yi mata sati 2, ku raba ku gani, bai wuce kilomita 12 ko 13 a yini ba, kuma ana lissafa ta cikin mahiya wuya a Turai. Ba ragwanta ce ke sa su gajarta zango ba, sun san duk abin da ka ci na ƙarhin gobe sai ka biya shi. Fatakenmu na da sun san wannan sarai, shi ya sa madugu ke yanka tahiya zango-zango gwargwadon ruwa da ƙarhin bisashe, ba gwargwadon zumuɗin samari ba.

Yinin da kanshi da asuba yake farawa, kuma abin da zai fara ba ka mamaki sanyi ne. Duk mita 1000 da ka hau zahi na raguwa da wajen digiri 6 da rabi. Ƙololuwar Bagzan, Idukal-n-Tagas, mita 2022 ce, ita ce wuri mahi tsayi a Nijar duka, wato tsakaninta da Maradi akwai wajen digiri 10 tun kahin a yi maganar iska, kuma a Disamba da Janairu dare a can na sauka har kusa da digiri 0. Mutum ya hito daga bargo yatsu sun sandare, ga salla, ga naɗe shimfiɗa, ga dafa shayi, ga shirya jaka, wanda bai saba ba sai ya ci awa 1 da rabi bai ɗaga ba. Wannan asara ce babba, don da sanyin sahiya ake kama fara, awowin nan daga hitowar alfijir zuwa hantsi su ne mahi tsada a yinin gaba ɗaya, jiki bai yi zahi ba, zufa kaɗan, ruwan da kake sha kaɗan. Masu ƙwarewa tun da dare suke cika gorunan ruwa, su ware abin karin kumallo, su shirya komi sai bargo kawai ya rage. Kuma kar ka tashi da rigunan sanyi duka a jikinka, minti 15 da fara hawa za ka jiƙe da zufa, in ka tsaya iska ta buge ka sanyin ya hi na farko. Gara ka fara kana ɗan jin ɗari.

Jaka. Shawarar da anka hi bayarwa ita ce kar ta wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinka, in kana kilo 65 jakarka kilo 13 ke nan. Ku riƙe adadin nan za mu dawo mashi. Yadda ake shirya ta ma ilimi ne: bargo da abin da ba ka buƙata sai dare a ƙasa, masu nauyi irin ruwa da abinci a tsakiya manne da gadon baya, abin da za ka nema a hanya a sama. Jakar kirki tana da ɗamara mai kauri da ake ɗaurewa a ƙugu, kuma nan ne mahi yawan nauyin ya kamata ya zauna ba a kafaɗa ba. Ku dubi uwa da goyo, yaron manne yake da bayanta ba ya lilo, shi ya sa take yini da shi tana daka tana shara, to haka ake son jaka ta zauna. In tana reto tana janye ka baya, a gangara ita za ta kada kai. Jakar ƴan lakwal mai siraran igiyoyi ba ta wannan aikin, kahin azahar kafaɗu sun yi tsami hannuwa sun fara mutuwa.

Yanzu ruwa, kuma a nan zan daɗe don a ƙasarmu shi ne komi. Litir 1 na ruwa kilo 1 ne, babu dabarar da ke rage wannan. Mai hawa da kaya cikin rana na iya zubar da rabin litir zuwa litir 1 na zufa duk awa, wani ma ya hi haka. In za ka yi awa 7 kana tahiya, ga na dahuwa ga na shayi ga na dare, litir 5 ko 6 ba almubazzaranci ba ne. To cikin kilo 13 ɗin nan namu ruwa ya cinye 6, saura 7 su za su ɗauki jakar kanta da bargo da abinci na kwanaki da tukunya da rigar sanyi da magani. Ka ga inda gizo ke saƙa. In ka ƙara ruwa ka yi nauyi, in ka yi nauyi ka yi nawa ka ƙara zufa ka ƙara buƙatar ruwa, in ka rage shi kuma ka sa ranka a hannun rijiyar da ba ka tabbatar tana da ruwa ba. A tsaunukan Turai mutum na iya ɗaukar litir 1 ko 2 don ƙoramu na gudana kusan ko'ina, shi ya sa kake ganin jakarsu ƙarama suna tahiya cikin nishaɗi, kar ka kwaikwayi wannan a Abzin. A can ruwa ko dai rijiyar garka ne, ko idon ruwa, ko wanda ke kwanciya cikin kwarin dutsi bayan damina da Abzinawa ke ce ma agelmam, kuma taswirar waya za ta nuna maka wurin amma ba za ta gaya maka ko bana ya ƙahe ba. Wannan sai ɗan wurin da ya bi ta nan kwanan baya, ko ya ji daga makiyayi. Shi ya sa yawancin masu tahiya a can ke haɗawa da jaki ko raƙumi ya ɗauki jarkoki, kuma ni ban ga gazawa a ciki ba ko kaɗan, mutanen Bagzan da kansu da jakai suke sauko da albasa da tafarnuwa da dankali.

Lokacin hunturu yaudarar ta hi yawa, iska busasshiya ce tana shanye zufa tun kahin ka gan ta, riga a bushe, kai kana ganin ba ka zubar da komi ba. Kar ka jira ƙishirwa, kurɓa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma ka duba hitsarinka, in ya yi ja ya yi kaɗan jiki na bin ka bashi. Ciwon kai, jiri, saurin hushi, yawan tuntuɓe, duk alamu ne. Wanda ya fara magana ba kan gado ko ya rikice cikin zahi, wannan ba gajiya ba ce, a kai shi inuwa a jiƙa mashi jiki a yi mashi hihita nan take. Mu a Nijar ba sai an ba mu labarin ƙishirwa ba, a watan Oktoba na 2013 mutum 92 sunka rasu arewa da Arlit kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu mata da yara, Allah ya jiƙansu da rahama. Ba yawon buɗe ido sunka hita ba, neman abinci ne, amma rana da ƙishirwa ba su tambayar abin da ya hito da kai.

Ruwa zalla kuma bai isa ba, zufa da gishiri take hita. Wanda ke ta ɗirkar ruwa bai ci komi ba gishirin jininshi na iya sauka, ya ji tashin zuciya da ciwon kai ya ɗauka ƙarin ruwa yake buƙata, ya ƙara ɓata lamarin. Maganin shi ne wanda iyayenmu mata ke haɗa ma yara masu zawo, litir 1 na ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ko ka sayi ƙunshin SRO a farmasi ka sa a jaka ba shi da nauyi. Ruwan kwari kuma komi kyawunshi a ido awaki da birai na sha a nan, ka tace da ƙyalle sannan ka tafasa, ko ka sa Aquatabs, ƙwayar tsabtace ruwan sha, gwargwadon yadda anka rubuta jikin kwalin ka jira minti 30. Zawo a gida wahala ne, zawo a bisa dutsi da ruwan da ke ƙidaye wani abu ne daban.

Hawan kanshi ba ya son gaggawa. Ƙananan taku, tahin ƙafa duka a ƙasa, numfashi na tahiya tare da taku. Awon da ya hi sauƙi shi ne magana, in ba ka iya gama jimla guda da abokinka sai ka yi haki to ka wuce ƙa'ida, rage. Samari su kan zabura su bar kowa a baya, su zauna suna haki, na baya su iso su sake zabura, kahin walaha sun ƙare, dattijon da ke tahe sannu bai tsaya ba shi zai riga su zango. Hutu gajere ya hi, minti 5 zuwa 10 duk awa, ka sauke jaka ka kurɓi ruwa ka jefa wani abu a baki ka tashi kahin jiki ya yi sanyi.

Abinci kam Allah ya hore mana, abin da wasu ke saye da tsada cikin leda mai ƙyalli mu a kasuwa yake a tire. Mai irin wagga tahiya na ƙona kalori, wato awon ƙarhin da abinci ke ba jiki, 3000 zuwa 4000 a yini ko sama da haka, don haka ana neman abin da ke da ƙarhi da yawa nauyi kaɗan kuma ba ya lalacewa. Gyaɗa giram 100 na ba da sama da kalori 550, dabino wajen 280. Ga ƙuli-ƙuli, ga kilishi da ke da gishirin da jiki ke nema, ga garin rogo da sukari, ga cuku, ga gumba. Abzinawa masu ayarin gishirin Bilma da Fashi tuntuni sunka gano haɗin gero da dabino da cuku da ake dakawa a dama da ruwa, ba wuta ba tukunya, kuma shina riƙe ciki. Gwangwanaye da yawa nauyi ne kawai. Babban kuskure shi ne mutum ya ce sai an isa zai ci, gajiya na kashe sha'awar abinci, sai ka ga ƙafa ta mutu gaba ɗaya wajen azahar ba ka san dalili ba. A ci kaɗan-kaɗan tun ba a ji yunwa ba.

Ƙafa ita ce jarin. Abin da ya hi damun masu tahiya ba maciji ba ne ba faɗuwa ba, bororo ne. Sabon takalmi, zufa, rairayi ya shiga, guga ta yi ta yi har fata ta tashi, yau kana ɗingishi, gobe ɗingishin ya sauya maka taku ya koma gwiwa. Kar ka je da takalmin da ba ka yi sati-sati kana tahiya da shi ba, kuma ya ɗan hi ƙafarka kaɗan don ƙafa na kumbura da yini. Yanke farce, in ba haka ba gangara za ta buga shi jikin takalmi har ya yi baƙi ya hita. Safa biyu ko uku ana sauyawa, kuma da ka ji wani wuri ya fara zahi tsaya nan take ka manna filasta ko da ayari zai jira ka, minti 3 ne. Za ku ga ɗan Abzin na tsallake duwatsu da takalmi fade ku ce ai mu ma, a'a, ƙafarshi a nan ta girma.

Daga wajen ƙarhe 12 zuwa 3 in lokacin zahi ne a nemi inuwar dutsi ko ta ƙaya a zauna, a cire takalmi ƙafa ta sha iska, safa ta bushe. Nan ne ake salla. Addini ya yi ma matahiyi sauƙi, akwai ƙasaru in tahiyar ta kai nisan da malamanmu na Malikiyya ke faɗi, wajen kilomita 80, akwai haɗa azahar da la'asar, akwai taimama da ƙasa ko dutsi in ruwan da ke hannu na sha ne kuma ana tsoron ƙishirwa. Kowa ya zauna da malaminshi kahin ya tashi ya san hukuncin da kyau, don kar ya je can shina jayayya da abokai ko ya ƙarar da ruwan sha cikin rashin sani.

Sai gangara, wadda kowa ke ɗoki yana cewa an gama mai wuya. Wallahi ba a gama ba. A hawa huhu da zuciya ke wahala, a sauka gwiwa da cinya ke riƙe nauyinka da na jaka a kowane taku suna taka maka birki, kuma irin wannan aikin ne ke kawo tsamin jikin da ba ka ji sai bayan kwana 1 ko 2. Yawancin faɗuwa a gangara ake yin ta, don tana zuwa ne da yamma, ƙafa ta gaji, hankali ya riga ya tahi wurin shayi. Gajerun taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, kar ka miƙe kai tsaye ka riƙa karkatawa dama da hagu, sanda a gaba. Ku bar tazara tsakaninku, dutsin da na sama ya ture na ƙasa zai samu. Targaɗe a Maradi ɗan kabu-kabu ne zai kai ka wurin mai ɗori ko likita, targaɗe a inda mota ba ta zuwa kuwa ya zama na ayari duka, a raba kayanka, a rage tahiya, ruwan da anka lissafa na kwana 1 ya koma na kwana 2.

Tun da sahe ya kamata a yanke lokacin tsayawa, a ce ƙarhe kaza ko mun kai ko ba mu kai ba za mu sauka, kuma kowa ya yarda tun jiki na da sanyi, don in an gaji ba a shawara mai kyau, kowa cewa yake saura kaɗan. A Disamba hasken yini wajen awa 11 ne kawai, a cikin kwari rana na ɓuya bayan dutsi tun kahin ta faɗi, kuma kun san yankinmu, daga faɗuwar rana zuwa duhu bai cika rabin awa ba. A isa zango da sauran haske na awa 1 ko hiye. Wurin kwana kuma kar lallausan rairayin cikin kori ya ja ka, musamman daga Yuli zuwa Satumba, ruwa na iya zuba a wani dutsi nesa inda ko hadarin ba ka gani ba, cikin dare ya taho da itace da duwatsu, mu da ke bakin Gulbi mun san yadda ruwan da anka yi a wani wuri ke iso mana. Hau gehe inda ya ɗan yi tudu. Kar ka kwana a bakin ruwa daf, dabbobi da makiyaya na da haƙƙi a kai, kar kuma ka kwana a tsinin tudu inda iska ke kaɗawa.

Da an sauke kaya, kahin komi, cire rigar da ta jiƙe ka sa busasshiya da ta sanyi, jiki na hucewa da sauri. A mita 2000 ruwa na tafasa tun wajen digiri 93, wake da shinkafa na daɗewa ba su nuna ba, ga itace ba shi da yawa, don haka taliya da kuskus sun hi dacewa. A duba ƙafa da hitila, a wanke a shanya. Takalmi a kakkaɓe shi da sahe kahin a sa, kunama na son ɗumi, kuma kar a cusa hannu ƙarƙashin dutsi ba a duba ba. Waya a kashe ta ko a sa ta cikin bargo, sanyi na shanye batir, neman rezo inda babu shi ma haka.

Ciwon tsayi ba zan daɗe a kanshi ba don yawanci daga mita 2500 yake farawa, Bagzan bai kai ba, Chappal Waddi na jihar Taraba da ya hi kowane tsayi a Najeriya ma mita 2419 ne. Amma mai burin Tubkal na Maroko, mita 4167, ko Kilimanjaro na Tanzaniya, mita 5895, ya sani ƙarhin jiki ba ya kare mutum daga gare shi, a hankali ake hawa, kuma in ciwon kai ya haɗu da amai da tangaɗi maganin guda ne, a sauka.

Abin da ba zan yi sassauci a kai ba shi ne jagora. Halin tsaro a arewa ba ɓoyayye ba ne, ba wurin da za ku haɗa kuɗin mota ku faɗa kai tsaye ba ne, sai an tambayi hukuma a Agadas an ji inda ake zuwa da inda ba a zuwa a wannan lokacin, sannan a ɗauki ɗan wurin a biya shi haƙƙinshi da kyau, kuma in ya ce a tsaya a tsaya. Duwatsun nan gidan mutane ne, da garakensu da awakinsu da maƙabartunsu. A yi sallama, kar a ɗauki hoton mata ba izini, kar a tsinki lemu ko rumman a garkar Timiya don an ga ba kowa, kar a sa sabulu cikin ruwan da ake sha, leda da gwangwani a dawo da su. Wani yanki na Abzin da Tenere na cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1991, akwai zane-zane jikin duwatsu na shekaru dubbai, abin takaici ne ƙwarai mutum ya je ya kankara sunanshi a kai.

Wanda ke da niyya da gaske tun daga nan zai fara. Cika jaka da kilo 8, ka ƙara a hankali har 12 ko 13, ka bi rairayin Gulbi da rani da takalmin da za ka tahi da shi, ka hau matakalar bene ka sauka har cinya ta san aikin, ka taka zuwa Tibiri ka dawo, sannan washegari ka sake, don kwana na biyun ne ke gaya maka gaskiyar jikinka da ta takalminka. Ka auna ruwan da ka sha ka rubuta. In ka samu zuwa Damagaram ko Dogon Dutsi ka gwada ƙafarka bisa dutsi na gaske ko da ƙarami ne. Mai hawan jini ko ciwon suga ko asma ya ga likita tukuna. Ranar tashi kuma a bar ma wani babba a gida takarda: ga hanyar da za mu bi, ga sunan jagora da lambarshi, ga ranar da za mu kira, in ta wuce da kwana 1 ba ku ji mu ba ga wanda za ku nema a Agadas.